An gyara mana makaranta amma sakamakon yara bai gyaru ba: ina dukiyar ke zurarewa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne, kuma ɗan kwamitin makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta garinmu a nan Jigawa. Shekara biyu ke nan da aka gina mana sababbin azuzuwa, aka yi fenti, aka kawo bencina, har da ɗakin gwaje-gwaje. Amma ko bana yaranmu ba su taka kara sun karya ba a jarrabawar NECO. Makarantar garin da ke maƙwabtaka da mu kuwa, tun bara iska ta yaye musu rufin aji biyu, amma yaransu sun fi namu ci. Mutanen gari har sun fara cewa firinsifal ne ke cinye kuɗi. Ta yaya za mu gane ko ana amfani da abin da gwamnati ke bayarwa yadda ya kamata?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya ka yi tambaya tun magana ba ta yi nisa a gari ba. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: me ya sa gini ya ƙaru karatu bai ƙaru ba, sannan da wane mudu mutumin gari zai auna ya gane ko dukiyar da aka zuba a makaranta tana haihuwa. Na fara koyar da lissafi a karkara tun Kano da Jigawa suna jiha ɗaya, kafin a raba su a 1991. Na riƙe makaranta, daga baya na yi aikin sifeto har na ajiye aiki. Da abin da idona ya gani zan ba ka amsa.

Bari in fara da firinsifal, tunda shi ake nunawa da yatsa. Ban ce duk shugaban makaranta waliyyi ba ne, na ga masu sayar da takardar jarrabawa da masu karkatar da buhunan abinci a makarantun kwana. Amma ya kamata kwamitinku ya san cewa mafi yawan abin da gwamnati ke kashewa a makarantarku ko ƙyallinsa firinsifal ba ya gani. Albashin malamai ta banki yake shiga asusun kowa. Gini kwangila ce, a can sama ake ba da ita, shi dai ya wayi gari ya ga tifa tana sauke yashi. Littattafai da bencina a mota ake kawo masa su, ya sa hannu ya karɓa. Abin da ke biyowa ta hannunsa ɗan kuɗin gudanarwa ne na alli da rajista da takardun jarrabawar zango, shi ma in ya zo. A Kano, tun da gwamnati ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, 'yan kuɗaɗen da ake karɓa a hannun iyaye aka hana, don haka makaranta ta koma jiran abin da za a aiko mata. Ko da a ce ya haɗiye wannan ɗan kuɗin gaba ɗaya, bai kai ya bayyana faɗuwar aji guda ba. Ba a nan gizo ke saƙa ba.

Akwai kuma wani tsari da ke rikita mutane. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa ƙaramar sakandare cikin shekara tara na farko tare da firamare, inda hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, ke samun kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jiha kuma sai ta ajiye nata kason kafin ta karɓi tallafin. Babbar sakandare kuwa nauyinta a wuyan jiha yake. Shi ya sa a garuruwa da yawa za ka tarar da makaranta biyu cikin katanga ɗaya, kowace da shugabanta da malamanta da ofishin da take amsa wa. Na taɓa zuwa wani gari na iske malamin lissafi mai digiri a ɓangaren ƙanana yana da darasi kaɗan a mako, ɓangaren manya kuma da taku ashirin tsakaninsu an yi zango biyu ba malamin lissafi. Babu wanda ya saci ko sisi a nan, amma asarar da aka yi ta fi ta sata.

Abin da albashi ke saya

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka natsu. Babban abin da ake kashewa a makaranta albashi ne, abin da albashi ke saya kuma lokaci ne: minti arba'in ɗin da malami zai tsaya gaban allo, yara suna zaune, ana koyar da abin da jadawali ya ce. Kai manomi ne. In ka ɗauki 'yan ƙwadago ashirin ka biya su kuɗin yini, ba tsayin shingen gonar za ka duba ba, kunya nawa aka nome za ka ƙirga. Darasi shi ne kunyar makaranta.

Mu yi lissafi da misali, alƙaluman nawa ne don sauƙin fahimta, kai ka sa na makarantarku a gurbinsu. A ce malamai 20, kowa a matsakaici naira 100,000 a wata. Miliyan 2 ke nan a wata, miliyan 24 a shekara. In rajista ta ce yara 600 ne, kowane yaro ya tashi a kan naira 40,000. In kuwa masu zuwa kullum 400 ne, kuɗin ya koma 60,000 a kan kowane yaro, alhali ba a ƙara wa kowa komai ba.

To lokacin fa? Shekarar karatu zango uku ce, kowanne wajen mako goma sha uku. Makon farko shara ce da jiran yara su dawo. Mako biyun ƙarshe jarrabawa ce da maki da cike katin sakamako. Saura mako goma a zango, talatin a shekara. In lissafi yana da darasi biyar a mako, yaro yana bin makaranta bashin darasi 150 a shekara. Sai a ce malamin daga birni yake zuwa, kwana uku kawai yake iya halarta: an koma 90. Cire ranar kasuwa da aji ke watsewa tun hantsi, cire taron bita da aka kira shi, cire ranar da ya je banki ko tantance ma'aikata, cire ranakun da darasin farko ya tafi a asambuli da korar makararru. Ba abin mamaki ba ne ka tarar an koyar da 60 ko 70. Gwamnati ta biya kuɗin 150 cif. Hukumar jarrabawa kuma a kan manhajar 150 ɗin za ta yi tambaya, ba ruwanta da cewa yaron ƙauye ne.

Wannan ita ce ɓarakar da ta fi kowace girma a makarantun karkara, kuma ba a ganinta, domin ba ta barin tsaga a bango. Sabon fenti a makarantar da rabin darussanta ke faɗuwa kitso ne a kan ƙwarƙwata.

Malamai suna nan, amma a ina?

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibi 40 a sakandare. In ka raba yawan ɗaliban makaranta da yawan malamanta, wani lokaci sai ka ga lissafin ya yi kyau a takarda. Amma sakandare ba firamare ba ce, malami ba ya koyar da komai da komai. Makaranta tana iya samun malamai goma sha takwas, bakwai daga ciki na darussan addini da Hausa da zamantakewa, ɗaya tal na Turanci, na fizis da kemistiri kuwa babu. Ba raina waɗancan darussa nake yi ba, ina girmama masu koyar da su. Sai dai sharaɗin shiga jami'a kiredit biyar ne har da Turanci, a yawancin fannoni kuma har da lissafi. Malamin Turanci guda yana fama da azuzuwa tara, darasi talatin da wani abu a mako, ba zai iya ba da insha'i ya duba ba ko yana so. A ɗakin malamai kuma ga abokin aikinsa da darasi takwas a mako, albashinsu ɗaya ko ma ya fi shi. Jadawalin da ke manne a ofishin mataimakin firinsifal zai nuna maka wannan cikin minti biyar, in ka nemi gani.

Rabon malamai tsakanin birni da ƙauye shi ne ciwon da na daɗe ina gani. Takardar turin aiki tana fitowa da sunan makarantar karkara, kafin wata biyu mai ita ya nemo wanda zai yi masa hanya an mayar da shi cikin gari. Ƙarshenta wasu makarantun birni malamai har sun yi yawa ana raba aji ɗaya tsakanin mutum biyu, na ƙauye kuma suna jingine da 'yan bautar ƙasa da malaman wucin-gadi irin na N-Power da aka fara a 2016 ko na J-Teach a nan Jigawa. A cikinsu akwai haziƙai, na ga waɗanda suka fi na dindindin himma. Amma ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya zai yi, kafin ya san sunayen yara ya tafi, wani ma ba ya jin Hausa, yaran kuma ba sa jin Turancinsa.

Kada kuma mu zalunci malamin da ke fashi ba tare da mun dubi halinsa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka. Malamin da iyalinsa ke Dutse ko Haɗeja ko Gumel, makarantarsa kuma na da tafiyar awa guda har da hawa babur a kan burji, in ya ce zai zo kullum, wani babban yanki na albashinsa a hanya zai ƙare. Shi ya sa a wurare da yawa malamai suka raba kwana a tsakaninsu, waɗannan Litinin zuwa Laraba, waɗancan Laraba zuwa Juma'a, firinsifal ya kau da kai don ya san in ya matsa za su nemi canjin wuri ya rasa su gaba ɗaya. Lokacin da na fara aiki akwai gidajen malamai a yawancin makarantu. Muna kwana a garin, da yamma yara su zo da littafinsu, da dare mu leƙa su suna bita. Yau ka zaga ka gani, gidajen sun zama kango, kuma ba kasafai ake sa su cikin aikin gyara ba, domin aji mai fenti a bakin titi ya fi ɗaukar ido ranar buɗewa.

Su ma yaran suna da nasu fashin. Duk wanda ya koyar kusa da Maigatari ya san yadda aji ke zama ranar Alhamis, haka Wudil ranar Juma'a. Da damina ana shuka da noma, da kaka ana yankan gero da girbin riɗi da zoɓo, a fadamun Haɗeja da yankin Kura da Kadawa kuma noman rani na shinkafa da tumatir ba ya barin saurayi ya zauna. Ambaliya irin ta 2022 ta mayar da makarantu da dama matsugunin waɗanda ruwa ya kora. 'Yan mata kuwa, makarantar da ba ta da makewayi mai ƙofa da ruwa tana rasa su kwanaki a kowane wata, nisan hanya ya cinye wasu, aure ya ɗauke wasu a aji biyu na babbar sakandare, bayan an riga an kashe musu shekara huɗu ko biyar. Wannan ɓangaren, Malam, naku ne ku iyaye, ba na gwamnati ba.

Tubalin da aka ɗora ginin a kai

Akwai abin da ya fi duk waɗannan zafi a zuciyata. Yara da yawa suna shigowa sakandare ba su iya karatu ba. Ba Turanci kaɗai ba, har Hausar. Na sha ɗaukar littafin aji uku na firamare in miƙa wa ɗan aji ɗaya na babbar sakandare, ya tsaya yana haɗa baƙi da wasali. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. A kasuwa yana lissafin buhu da tiya da canji a ka, ya fi ni sauri. An dai yi ta ciyar da shi gaba aji bayan aji ba wanda ya tsaya a kansa. In malamin bayoloji ya shigo ya cika allo da Turanci, yaron zai kwafe tsaf da kyakkyawan rubutu, bai san abin da ya rubuta ba. A nan ko darasin 150 ɗin an koyar cif, rabin ajin ba su karɓa ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan ba. A yammacin Kenya an taɓa gwada raba littattafan karatu a makarantun firamare na karkara, aka bibiyi sakamako, sai aka tarar waɗanda dama ke kan gaba a aji su kaɗai suka ƙaru, domin littattafan da Turanci suke, sauran yaran ba sa iya karanta su. A Indiya kuma ƙungiyar Pratham ta fito da hanyar raba yara bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke, a koya wa kowa daga inda ya tsaya. An gwada irin wannan a makarantun firamare na Wudil da Dawakin Tofa tun daga 2019.

Lokacin da nake riƙe da makaranta, abin da ya fi yi mana amfani bai ci kuɗi ba. Makon farko muna gwada duk sababbin shiga ɗaya bayan ɗaya, karatu da lissafin farko. Waɗanda ba su iya ba mu ware musu darasin farko na kowace safiya na tsawon zango guda, mu fara da Hausa, in harshe ya saki sai mu shiga Turanci. Malaman Hausa da na addini masu ƙarancin darasi su suka riƙe wannan aiki, kuma sun riƙe shi da kyau, domin da yawansu sun san yadda ake koyar da baƙi tun daga makarantar allo. Wasu malamai sun yi ƙorafi cewa manhaja za ta tsere mana. Na ce musu manhajar da yaro ba ya ji dama ta riga ta tsere masa.

Ɗakin gwaje-gwajen da ka ambata, ina roƙonka ka je ka duba abu ɗaya: ƙurar da ke kan kwaɗon ƙofar. A makarantu da yawa kayan suna nan cikin kwalayensu, ko ledar ba a yage ba. Dalilin sau da yawa tsoro ne. Firinsifal ya sa hannu a kan kowace kwalba, ya san in ta fashe za a tambaye shi, in kuwa ba a taɓa ta ba har ta lalace babu mai tambaya. Wani wurin kuma babu malamin da ya san yadda ake amfani da su, ko babu ruwa, ko sinadaran sun ƙare tun shekarar farko ba a sake sayowa ba. Sai makon jarrabawar aiki-da-hannu a buɗe ɗakin, yaro ya fara riƙe abin awo ranar da za a ba shi maki a kai. Haka kwamfutoci: ana kawo su garin da ba wuta, ba a haɗa da sola ba, alhali tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yinta. Littattafai ma na sha tarar da su jibge a sito gara tana ci, yara kuma biyar suna leƙen guda.

Tsohuwar jihar Kano ta taɓa fuskantar wannan matsala ta wata hanya. A 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, aka tara ƙwararrun malamai da kayan aiki a wuri ɗaya, aka zaɓo yara da jarrabawa. Likitoci da injiniyoyi da yawa na Kano da Jigawa daga can suka fito. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne kayan aiki da malamin da ya iya su tare suke tafiya. Raba ɗakunan gwaji a kowane gari ba tare da malami ba yana faranta ran jama'a, amma ba ya fitar da ɗan kimiyya.

Maganar makarantar maƙwabta

Mai yiwuwa ne ƙwarai sun fi ku da gaske. In suna da firinsifal da ke kwana a garin, yana tsaye a bakin ƙofa tun bakwai da rabi, da malaman Turanci da lissafi 'yan yankin da ba sa fashi, to ko a gindin darbejiya suke karatu za su wuce ku. Na ga haka ba sau ɗaya ba.

Amma kada ku yanke hukunci da sakamako tsurarsa. Ku tambaya yara nawa suka zauna jarrabawar. Makarantar da ta ɗauki 150 a aji ɗaya na babbar sakandare, ta tace su, 40 suka zauna, 30 suka ci, za ta ce ta ci kashi 75 cikin 100. Wadda ta riƙe 120 har ƙarshe, 45 suka ci, za a ce ta faɗi, alhali ta fitar da yara fiye da waccan. Jarrabawar kwalifayin da ake yi a aji biyu, wadda gwamnati ke dubawa wajen biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawar ƙarshe, ita ma tana tace masu zama. Don haka ƙidaya daga ranar shiga ake fara ta, ba daga ranar jarrabawa ba. Sannan sai a faɗi gaskiya: akwai wuraren da ake rubuta wa yara amsa a allo. In sakamako ya yi kyau fiye da kima amma yaran sun kasa cin JAMB, ko sun shiga kwaleji sun kasa rubuta wasiƙa, ruwa ba ya tsami banza. Ku duba kuma daga waɗanne firamare kowace makaranta ke ɗiba. Masana tattalin arziki da ke auna irin wannan ba sa haɗa makarantar birni da ta ƙauye a sikeli ɗaya. Suna tara masu kama da juna a yawan malamai da irin yaran da suke karɓa, wadda ta fi fitar da sakamako a cikinsu ita ce ma'aunin sauran.

Shi kansa sakamakon jarrabawa ba ya auna komai da komai. Yarinyar da ta gama sakandare ba ta samu kiredit biyar ba, amma tana karanta takardar magani, tana duba littafin ɗanta, tana riƙe lissafin sana'arta, ba a yi asarar kuɗin da aka kashe mata ba. Ni kuma daga nesa nake magana. Abin da na lissafa shi ne abin da ya fi yawa a makarantun da na zaga, wanda ya fi damun taku kuwa sai ƙidayarku ta nuna shi.

Abin da kwamitinku zai iya

Ku fara da ƙirga darasi. Ku sayi littafin rubutu ɗaya ga kowane aji, a ba monita. Kowane darasi ya rubuta: an shigo ko ba a shigo ba, malami ya sa hannu in ya gama. Ranar Juma'a mutum biyu daga kwamiti su zauna da mataimakin firinsifal a tara. Mako huɗu kawai ya isa ku ga hoton makarantarku fiye da yadda duk wani sifeto zai gani, domin mu in za mu zo labari yana riga mu isa, ranar kowa yana aji. Sharaɗi ɗaya ne: kada wannan littafi ya zama bulalar dukan malamai, kada kuma a bar monita shi kaɗai da fushin wanda aka rubuta. Firinsifal ne zai sanar da shi a gaban kowa a matsayin tsarin makaranta. A rana ɗaya cikin mako kuma, ba tare da sanarwa ba, ku ƙirga kawunan yara ku gwada da rajista, ku sa ranar kasuwa cikin ranakun.

In ƙidaya ta nuna malamai ne ba sa isowa, ku tambaye su abin da zai zaunar da su. Sau da yawa ɗaki ne. Garin da ya iya gina masallacin Juma'a da gudummawa ba zai kasa gyara ɗaki biyu da makewayi don malamin lissafi da na Turanci ba. Na san garin da dagaci ya ba malamin kimiyya gona aro da wurin zama, malamin ya yi shekaru bai nemi canji ba. In kuwa malamin darasin ne babu sam, kada ku je ofishin shiyya da baki kawai kuna cewa ba mu da malamai, kowa haka yake cewa. Ku je da takarda: aji kaza, yara kaza, darasin fizis kaza a mako, an yi mako kaza ba a koyar ba. Ku tafi da hakimi ko wakilinsa, ku bar kwafi, ku koma bayan wata guda. In akwai ƙaramar sakandare a katangarku, ku nemi shugabannin biyu su zauna a ga ko za a yi aron malami a tsakaninsu da izinin ofis.

Duk abin da ya shigo makaranta, kuɗi ne ko kaya, a rubuta shi a manna a allon sanarwa inda kowa zai gani. A Uganda an bincika a 1996 aka gano cewa cikin kuɗin gudanarwar da gwamnati ke aika wa makarantun firamare, wajen kashi 13 cikin 100 ne kawai ke isa. Gwamnati ta koma buga abin da ta aika a jaridu, aka sa makarantu su manna nasu a bango, zuwa 2001 abin da ke isa ya kai wajen kashi 80. Wannan mannawar kariya ce ga firinsifal mai gaskiya, domin ita za ta kashe jita-jitar da kuke ji yanzu. Inda shirin AGILE na Bankin Duniya mai tallafa wa karatun 'yan mata ya shiga, wanda Kano na cikin jihohin farko, Jigawa ta biyo baya, tallafin gyaran makaranta ta hannun kwamiti irin naku yake bi. In ya zo muku, ku fifita makewayin 'yan mata da ruwa da ɗinke rufi kafin damina a kan katafariyar ƙofar shiga. Kwano ɗaya da aka bari yana kaɗawa a watan Afrilu shi ne ajin da za a rasa a watan Yuli.

Ku kuma ku ɗauki naku nauyin. A yi magana a masallaci da wajen taron suna cewa ranar kasuwa yaro sai an tashi makaranta zai tafi. A nemi iyayen 'yan matan aji biyu, in an sa rana a roƙi a jinkirta zuwa bayan jarrabawa, ko a yi sharaɗi da miji za ta ƙarasa. Matan da ke cikin kwamitinku su suka fi ku sanin gidan da yarinya ta daina fitowa da dalilin hakan, ku ba su bakin magana.

Game da firinsifal, shawarata kada ku fara da taron gari. Ku je ku biyu ko uku ofishinsa bayan an tashi, ku ce masa kun zo ne ku ji abin da ke hana shi aiki. Ku nemi ganin jadawali, da rajistar zuwan malamai, da dayarin da ake rubuta abin da aka koyar kowane mako, da jerin yaran da suka shiga aji ɗaya shekara uku da suka wuce don ku gwada da waɗanda suka zauna jarrabawa bana. Kwamiti yana da hurumin ganin waɗannan. Ku roƙe shi kuma ya buɗe ɗakin gwaje-gwajen a gabanku, a ƙirga kayan tare, ku sa hannu tare da shi a kan jerin, don in kwalba ta fashe a hannun ɗalibi ya zama yana da shaidu.